Abokan Auta Ashirin da Uku

Shekarar ta kuɓuce mini, haka ma sunan zauren. Ku yi haƙuri da tsoho. Abin da na riƙe shi ne ɗakin taron kwamitinmu na kundin sani, fanka tana ta kuka, Babban Edita yana zaune da jan biro a hannu.

Takardar da ke gabansa matarsa ce ta rubuta. Tana roƙon a ba wani tsohon zauren hira shafi a kundin, irin zaurukan farkon zuwan intanet, rubutu zalla, babu hoto. A cikinsa autarsu ta cinye shekaru biyunta na ƙarshe, tana kwance, kwamfuta a kan cinya. Abokai ashirin da uku gare ta a can. Su tsokane ta, su yi mata ya jiki, su sa ta dariya, tun safe har a tashi daga aiki.

Dokar kundin kuwa shi ya kafa ta da kansa: ba a buɗe shafi sai an nemo mutum biyu da aka yi abin da su, sun ba da shaida.

"Ai sai a nemo su, Baban Auta," in ji matar. Albarkacinsa aka bar ta ta shigo. "Ni ma in gan su. Ko gaisuwar mutuwa ba su zo ba, amma yara ne, na yafe musu."

Sakatare ya ce rajistar zauren tana nan a ajiye, kwana biyu sun isa a gano inda kowannensu yake rubutowa.

Edita ya cire tabarau, ya daɗe yana gogewa. Bai dubi matarsa ba.

"Hirar yara ce, ba ilimi ba," ya ce. "Kundi ba maƙabarta ba ne."

Ya ja layi ya soke takardar. Mu ma muka bi shi, don mun saba.

Matar ta miƙe a hankali. "Tana kwance ma ofis ya fi maka ita. 'Ya'yan wasu sun fi ka jinƙai."

Ya sunkuyar da kai. An ce ba ta ƙara kiransa Baban Auta ba.

Bayan rasuwarsa na sa aka buɗe mini rajistar, kuma wannan kam na rubuta shi don kada ya kuɓuce: duk ashirin da ukun daga kwamfuta ɗaya suke rubutowa, wadda ke kan teburinsa na ofis.