Kwamfutar Ta Ƙi Ganin Na'urar

Malam Ernest na cikin goge teburin aikinsa wata mata ta shigo, rungume da na'urar ba da wuta irin ta ɗakin gwaje-gwaje, jakar laftof rataye a kafaɗarta. Ta tsallake wayar da ta gitta bakin ƙofa ba tare da ta dubi ƙasa ba, ta dire kayan a gefen teburin da ba ya girgiɗi.

"Ina kwana, Baba. Daga Fagge nake. Kwamfutar ce ta ƙi ganin na'urar."

Ta ce a wani ƙaramin kamfani take aiki, inda suke gwada batiran sola. So suke kwamfuta ta riƙa ƙara wuta tana ragewa da kanta, maimakon mutum ya wuni yana murɗa maɓalli. Na'urar tsohuwa ce, masu ƙera ta sun daina waiwayarta tuni, kuma direban, wato manhajar da ke haɗa ta da kwamfuta, ya daina aiki.

Malam Ernest ya gyara zaman tabarau. Ya daɗe yana kula da ɗakin gwaje-gwaje a Zariya kafin ya yi ritaya ya buɗe wannan shago a Sabon Gari, kuma irin wannan aiki ne ke sa ya ji ƙarfi ya dawo masa. Kwanan nan abubuwa na kuɓuce masa. Da safen nan ma sai da ya tsaya yana kallon shagon maƙwabcinsa Kyari, yana mamakin yaushe kaset-kaset suka koma wayoyin hannu. Amma da ya ɗora yatsunsa a kan madannan laftof, komai ya koma mazauninsa.

Ya duba kebul, lafiya lau. Ya kunna na'urar, fitilarta ta kawo. Sai ya buɗe direban ya shiga karantawa layi bayan layi. Ba na kamfani ba ne, wani ne ya zauna ya rubuta shi da kansa, a tsare, babu kwashe-kwashe.

"Wanda ya rubuta wannan ya san aikinsa," in ji shi.

"Ya sani kam, Baba."

Ta zauna a kan benci, ta fito da filas ta zuba masa shayi. Ba ta sa sukari ba, ba ta kuma tambaya ba. Ya kurɓa, ya ji daidai yadda yake so. Ya dube ta ta saman tabarau. Ba yarinya ba ce, ga furfura ɗai-ɗai ta leƙo ta gefen ɗankwali, idanunta kuma irin na wanda barci bai ishe shi ba.

"Wa ya koya miki wannan sana'a?"

"Mahaifina."

"Yana raye?"

"Yana nan. Ba shi da lafiya dai."

"Allah ya ba shi sauƙi. Kina zuwa duba shi?"

"Kullum, Baba."

Malam Ernest ya ajiye kofi. Bai saba buɗe cikinsa ga baƙi ba, amma yau ya kasa riƙe maganar. Ya ce shi ma yana da 'ya, ita kaɗai Allah ya ba shi, sunanta Sophia. Tun da mahaifiyarta Magret ta rasu, a shagon nan ya rene ta. A kan bencin nan take barcin rana, a kan teburin nan ta fara ƙona yatsa wajen koyon liƙa waya. Sai ta tafi jami'a, shi ke nan.

"Ko waya ba ta kira. Na yi tunani har na gaji, ban gano laifin da na yi mata ba."

Matar ta juya tana kallon titi, inda masu adaidaita ke ta hon.

"Wataƙila tana zuwa, Baba."

"Da ta zo ai da na gan ta."

Ya koma kan aikinsa, zuciyarsa a cushe. Can sai ya hango matsalar. Layi ɗaya ne babu, wanda ke gaya wa kwamfuta saurin da za ta riƙa magana da na'urar. Yatsunsa suka rubuta shi tun kafin ya gama tunani. Ya girka direban, ya danna.

Na'urar ta yi ƙas. Lambobin da ke fuskarta suka fara hawa da kansu, suka tsaya inda aka umarce su, suka sauko a hankali. Malam Ernest ya bugi teburi ya tuntsire da dariya irin wadda ya daɗe bai ji ta fito daga bakinsa ba.

"Kin gani? Ta gane ta!"

Matar ta tafa masa, tana dariya, tana share ido da bakin gyale. Ya ce hayaƙin janaretan Kyari ne, kowa ma haka yake yi masa.

Da ta tattara kayanta, ya raka ta bakin ƙofa.

"Ki gaida mahaifinki. Ki ce masa ya yi dacen 'ya."

Ta durƙusa har ƙasa, ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Zai ji, Baba."

Ya koma ciki ya ɗauki tsumma, ya ci gaba da goge teburi. Bai ga ta tsaya a shagon Kyari ba, bai ga ta buɗe laftof ɗin ba. Ƙarar janareta kuma ta hana shi jin tsohon maƙwabcin nasa yana tura na'urar ƙarƙashin kanta, yana cewa a hankali:

"Goge layin kamar kullum, ki bar na'urar nan sai gobe, Sophia, ki je ki wanke fuskarki kafin ki dawo ki kai mahaifinki gida."