Matsattsen Rake a Gindin Abarba

Wata la'asar Baba ya hau da ni rufin benenmu na Madinat Nasr, rungume da buhun matsattsen rake da ya roƙo a shagon ruwan rake. Dama can ya dasa abarba cikin rabin duro. Zafin Alƙahira kuwa, ka ba ta ruwa da safe, kafin azahar ƙasa ta tsage.

Yana tari yana shimfiɗa raken kan tsohon da ke gindinta. Warin tsami ya buge ni.

Ya ce, "Yalla," yadda Misirawa ke cewa maza, "kawo hannunki."

Ya cusa yatsuna ƙarƙashi. Ƙasar sanyi ƙalau, ga danshi.

"Kin ji? Abin da aka lulluɓe ba ya mutuwa da ƙishi. Da sauranta kafin ta haihu. Ki riƙa ƙara mata."

Ban tambayi dalilin da ya sa ni zan ƙara ba.

Abarbar ta yi, ƙatuwa, muka sha ban da shi. Kabarinsa yashi ne tsagwaro, rana na dukansa. Har yau in na wuce shagon rake, sanyin nan yakan dawo mini a yatsu, in rasa inda zan sa hannuna.