Neman Ɗan Asibi

Jan fensirin ya sauka a layi na uku, ya bi ta kan na huɗu, bai tsaya ba sai ƙasan shafi.

Gwadabe Ƙofa yana tsaye, hannu a baya, yana kallon wahalarsa ta kwana shida tana tafiya a banza. Shi ne editan Kuge, jaridar ɗaliban wata makarantar horon malamai da ke kusa da Tudun Wada. Shafi huɗu ce, rubutun hannu, ana liƙa ta a ƙofar ɗakin cin abinci kowace Asabar. Amma ko wasali ba ya hawa ƙofar nan sai ya bi ta hannun Malam Ladan, wanda aka ɗora wa aikin duba ta. Fara ɗalibai suke kiransa a bayan ido, don in ya sauka a gonarka sai kara.

Wannan karon abin ya fi ciwo. Shekarar 1957 ce, Kuge ta cika shekara goma, Gwadabe kuwa tarihin wanda ya kafa ta ya rubuta. Ba ɗalibin da ya taɓa ganin mutumin. Malaman zamaninsa duk an yi musu canji, ko sunansa ba a sani ba, sai yadda yake sa hannu: Ɗan Asibi na Dangora. Abin da aka sani shi ne, a fitowa ta uku ya rubuta cewa ƙwarin da ke cikin tuwo sun fi naman miya yawa, washegari aka kore shi. Da wannan labari ake yaye kowane sabon edita.

"Ka ce ya fita ƙofar makaranta yana murmushi," in ji Malam Ladan. "Kana wurin?"

"Haka muka ji, Malam."

"To, ji kuka yi."

Ya soke murmushin, ya soke ƙwarin, ya mayar da fensirin bayan kunnensa, inda yake kwana yake tashi, ya wuce yana ɗan ɗingishinsa.

Ran Gwadabe ya ɓaci ƙwarai. Ya zauna ya ƙara shafi na biyar, ya ɗora Ɗan Asibi da Fara a sikeli: wancan namijin duniya, wannan matsoracin da ko inuwar shugaban makaranta ya gani sai ya rusuna. Ya yi niyyar in an dawo hutu ya liƙa duka biyar ɗin ba tare da izini ba.

Ya san hukuncin, kora ce. Saura wata huɗu ya yi jarrabawar fita, ubansa kuma ya riga ya gama shaida wa mutanen Ƙofa cewa ɗansa malami ne. Maganar gaskiya, tsoro yake ji. Shi ya sa ya yanke shawarar ya nemo Ɗan Asibi da kansa. In ya ce liƙa, zai liƙa, ko sama da ƙasa za su haɗu.

Ana yin hutu ya ari keke ya nufi Dangora. Neman bai yi wuya ba, kowa ya san Asibi mai daddawa. Ya same ta a ƙofar gida, tsohuwa tukuf, tana shanya kalwa a tabarma. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce daga makaranta yake, ɗanta ya zo nema, wanda aka kora saboda jarida.

Tsohuwa ta kau da kai. Ɗan farinta ne, ba ta kama sunansa, ba ta kuma son a yabe shi a gabanta.

"Wancan? Ba ya nan," ta ce.

Gwadabe ya tambaye ta batun murmushin.

"Murmushi, ɗan nan? Da ƙafa ya iso garin nan. Kwana uku yana kuka a bayan rumbu. Shekara huɗu ba wanda ya ba shi ko aikin masinja, sai fartanya. Ubansa har ya koma ga Allah bai sake ce masa ci kanka ba. Da ƙyar wata makaranta a ƙasar Zazzau ta karɓe shi ya ƙarasa."

Gwadabe ya ga wannan bai dace da tarihi ba, sai ya ƙi rubutawa.

Tunda dai bai sami ɗan ba, ya ga bari uwar ta ji yadda ake ji da shi. Ya zaro shafi na biyar ya karanta mata, da murya irin ta mai wa'azin kasuwa. Wurin yabon ta sunkuyar da kai tana tsintar tsakuwa a cikin kalwa. Da aka zo kan Fara kuwa, ta saki aikin ta riƙe haɓa.

"Kai! Yanzu yara su ɓata dare suna rubutu, ƙato ya bi yana sokewa? Wannan uwarsa ba ta yi dacen haihuwa ba."

"Wallahi kuwa, Iya," in ji Gwadabe. Zuciyarsa ta yi fari, ya ji kamar ya riga ya liƙa.

Ta shiga ciki ta fito da ƙullin daddawa, ta ɗaure masa a bayan keke da hannunta.

"Tunda can za ka koma, ka kai wa wancan, shekararsa uku ke nan yana koyarwa a makarantar taku. Ka kai masa ƙarar Farar nan, shi zai yi maka maganinsa. Ba zai ɓace maka ba: yana ɗingishi tun waccan tafiya, kuma kullum da jan fensir a bayan kunnensa."