Ungozomar da Ke Kai Kwamfuta Shan Iska

Uwani, ai na gan ki ɗazu. Kwamfutar nan da aka ba ki ta ce burauzarki, manhajar nan da ake shiga intanet da ita, na neman sabuntawa, kika ja tsaki kika danna "sai anjima". Ajiye jakar nan ki zauna. Ba faɗa zan yi miki ba, misali zan ba ki, kuma da bugun ƙirji nake ba da shi, don wadda zan ba ki labarinta a hannuna ta koyi karɓar haihuwa.

Akwai wasu ƙauyuka biyu a hayin kogi, kowanne da ɗan ɗakin shan magani. Ɗaya wata ungozoma ce ke riƙe da shi, ɗayan kuma wani malamin asibiti. Aka ba kowannensu kwamfutar tafi-da-gidanka da 'yar na'urar duba ciki da ake jona mata. In mai juna biyu ta zo da matsala, sai a buɗe burauza a shiga shafin likita, a ɗora na'urar a kan cikin, likita yana can birni yana ganin kwanciyar ɗa yana faɗin abin yi. To, sabis ɗin yankin nan sai dai a yi haƙuri. A cikin gari yakan lallaɓa ya ɗauki hira da likita, amma in abu mai nauyi za a sauke, sai an hau dutsen bayan gari. Sai ungozomar ta mai da abin al'ada. Duk ranar kasuwa, da yake mata ba su cika zuwa awo ba, sai ta naɗe kwamfutar a zane, ta goya ta a baya, ta kama hawa tana haki, ga ta kuwa ba yarinya ba. In ta kai sama ta zauna a inuwar ƙirya, ta duba ko akwai sabuntawa, ta jira ta gama sauka. Ba ta tashi sai ta rufe burauzar ruf ta sake buɗewa, don ta san sabon ba ya kamawa sai an yi haka. Mutanen teburin mai shayi kuwa suka samu abin yi. Da sun hango ta sai su ce, "Inna za a kai 'yar auta shan iska!" Ta yi musu murmushi ta wuce abinta. Shi kuwa malamin asibiti, ba mugu ba ne, kuma ya iya allura, amma ra'ayinsa shi ne abin da ke aiki lafiya ba a tsokanarsa, data ma ba a banza ake samunta ba. Burauzarsa ko rufe ta ba ya yi, wai kada shafukan da ya jera su ɓace masa. 'Yar alamar nan ta neman sabuntawa da ke saman kusurwar burauzar ta yi kore, ta yi ruwan goro, har ta yi ja, ko a jikinsa.

Ana nan damina ta kankama. Aka wayi gari kogi ya kawo, ya tafi da gadar da ake bi zuwa birni, masu kwale-kwale suka ce ko da kuɗin wa ba su shiga wannan ruwa. A ranar ne wata mai cikin fari a ƙauyen malamin ta kama naƙuda tun hantsi, rana ta take tsaka haihuwa ta ƙi zuwa. Malam ya jona na'ura ya nufi shafin likita, shafi ya ce atafau, wannan burauza ta tsufa, ba ya buɗuwa a cikinta. Ya danna sabuntawa, layin da ke nuna saukarta ya kama tafiyar hawainiya. Mijin yana bakin ƙofa riƙe da hularsa, uwar yarinyar tana salati, malam sai gumi yake sharewa. Abu ɗaya na yaba masa, bai tsaya kare girmansa ba, ya ce a ɗaura wa shanu amalanke a kai ta wajen Inna. Suka keta taɓo suka isa, yarinya ta galabaita, ko kuka ba ta iyawa. Ungozoma ta wanke hannu, ta ɗaga murfin kwamfuta, ta danna sau ɗaya, sai ga fuskar likita. Ya duba ya ce ɗan da ɗuwawu ya taho maimakon kai, kada a ja, kada a yi gaggawa. Yana faɗa tana bi. Ana kiran la'asar aka ji kukan jaririya har teburin mai shayi, masu tsokana suka yi tsuru-tsuru da kofuna a hannu. Ranar suna aka raɗa wa jaririyar sunan ungozomar, mai jegon kuma tana zaune da ranta tana karɓar barka. Da kasuwa ta zagayo, wa za a gani yana hawan dutse da kwamfuta a hammata? Malamin asibiti!

Wallahi, Uwani, duk sanda na tuna matar nan sai in ji kaina ya yi girma. Ba ranar naƙudar ta ceci ran uwa da 'ya ba, tun ranakun da take hawan dutse ana yi mata dariya ta cece su. Maza buɗe taki ki danna tun babu mai nishi a kan gadonki. Ai Bahaushe ya riga ya gama magana: ba a fafe gora ranar tafiya.