Jarkar Ruwan Darbejiya

Mai lambu ya birkice rumfar kayan aiki, jarkar dai babu ita. Gumi ya keto masa.

Kowa ya san shi da takin dabbobi da ruwan ganyen darbejiya. Saboda haka ma ake rububin alayyahonsa. Amma da tsutsa ta yi masa taron dangi a bana, sai ya sayo maganin feshi a ɓoye, ya juye cikin jarkar darbejiyar. In wani ya gano, sunansa ya gama lalacewa.

Ya faɗa gida yana haki.

"Maigida, lafiya kake zare ido kamar an biyo ka?" in ji matarsa.

"Jarkata! Wa ya taɓa min jarka?"

Ta yi dariya. "Kai dai da rowa! Autarka ce ta tashi da zazzaɓi, na yi mata wanka da shi, na ɗura mata rabin kofi. Ba kai kake gaya wa masu saye ko jariri ya sha ba komai ba? Rage murya, ka ji ta shiru, yanzu ta samu barci."