Na Farko a Kan Dutsen Tilo

Ragon bai ma taɓa Halidu ba. Kai kawai ya sunkuyar a tsakiyar kasuwar Bangi, sai ga Halidu saman buhunan albasa yana kiran innarsa. Wani marar tsoron Allah ya ɗauka a waya. Kafin la'asar duk Madawa ta kalla.

Halidu kuwa, mai sayar da kayan gyaran moto, wato babur, jarumi ne na ƙarshe in dai a fadar shayi ne. Kurayen da ya kashe da baki ba su ƙirguwa. Yanzu ko yaro ya gan shi sai ya yi masa kukan rago. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne batun Rahila, yarinyar da yake nema. Ta daina fitowa zance, wai dariya ba ta barin ta ta dube shi.

Iro ɗan kabu-kabu, mai haya da moto, shi ne ya zo da magani. Ya ce can arewa da Keita, inda gonaki suka ƙare, akwai Dutsen Tilo, tsaye kamar taɓarya, kuma ɗan Adam bai taɓa taka kansa ba. Wanda ya fara hawa, da sunansa za a kira dutsen. Halidu ya ce ya aka yi ya san wurin? Iro ya ce ina ne ɗan kabu-kabu bai sani ba?

Halidu ya hau bayan moton Iro, suka wuce Buza, suka wuce Keita, suka bar hanyar mota. Sai tsakuwa da ƙaya da rana. Da yamma suka isa wani ƙauye a gindin dutsen, yara suka rugo suna kiran Iro kawu. Halidu bai kula ba, yana ta ɗaga waya sama yana neman rezo, wato sabis ɗin waya. Babu ko ɗigo. Da ya ɗaga kai ya ga tsawon dutsen kuma, sai ya hau salati.

Da safe maigari Alhusaini ya tara mutane. Ya ce kakanni sun bar wasiyya: mai fara hawa shi zai kai wa aljanun dutsen amanarsu. Aka fito da wani dogon abu marar nauyi, naɗe cikin sabon buhu, da baƙar igiya mai santsi liƙe a gindinsa.

"Ka ɗaure shi ga ƙarhen aljanu da ke bisa," in ji maigari, "bakinai shina kallon Keita. Igiyar ka bar ta ta sauko. In ka buɗe buhu, idanunka sun tahi."

Halidu ya goya amana, ya yi bisimilla, ya kama dutse.

Wayyo, Halidu! Tun bai kai rabi ba tafin hannunsa ya sale. Takalminsa ɗaya ya suɓuce, ya daɗe yana jin faɗuwarsa. Iska ta riƙa jan buhun tana neman ɓamɓare shi. Ya manne da dutse yana kuka na gaske, da majina. Sau nawa ya yi niyyar sauka, sai ya tuna dariyar Rahila, ya ƙara miƙa hannu. Ikon Allah, duk inda ya lalubo sai ya tarar da ɗan gurbi daidai yatsunsa.

Ya kai. Ga ƙarfen aljanu kuwa, kafe cikin siminti. Ya ɗaure amana. Daga ƙasa maigari ya yi ta ihu: "Dama kaɗan! Ƙara! Yawwa, bar shi nan!" Halidu ya share hawaye, ya gyara hula, ya ɗauki kansa a waya yana shaida wa Madawa, da wata mai dariya, cewa yau an ga namiji.

Ya sauko yana jiran guɗa da tafi. Ba wanda ya ko dube shi. Duk garin ya taru a rumfar maigari, inda bakin igiyar ya shige cikin wani ƙaramin akwati mai fitila, kowa da waya a kunne. Halidu ya kutsa da ƙafa ɗaya ba takalmi, ya tarar da maigari yana daka ihu cikin tasa wayar.

"Alo, Umaru! Kana jina daga Libiya? To, anten ɗin nan mai jawo rezo da ka aiko ta hau. Wallahi Iro ya sake samo muna na farko, ya ma hi na bara da ya kai ƙarhe sauri."