Kunyar Ɗan Fari

An jera kujerun roba a ƙofar ofishin gidauniyar kare haƙƙin talaka a Daura, aka zaunar da Inna Haulatu a sahun gaba, ƙullin kwanonta a cinya. Ba ta roƙi kujera ba, ba ta kuma ƙi ba.

Kwamitin amintattu ne ya turo mai bincike daga Katsina, wata Hajiya Amatullah. Tsegumi ya kai musu cewa shugaban gidauniyar, Alhaji Hussaini, yana faɗin aikin da bai yi ba. In ta kama ƙarya ko guda, an rufe ofis ke nan. Lauyan gidauniyar, Sada, zai tattara ya tafi, ƙararrakin da ke hannunsa su mutu a kotu. Wane lauya kuma zai tsaya wa talaka kyauta?

Babban abin taƙamar Alhaji shi ne Mainasara, ɗan Haulatu, mutumin Dutsi. Tun a shari'ar farko aka yanke masa hukuncin cire hannu kan satar saniya. Alhaji ya shaida wa kwamiti sun ɗaukaka ƙara, sun yi nasara, yaro ya fito.

Aka kira shi. Saurayi ya taso cikin sabuwar shadda, ya ɗaga hannuwa biyu sama, jama'a suka yi kabbara. Ya durƙusa gaban tsohuwa ya ce, "Sannu, Hajiya."

Haulatu ta kau da kai.

Amatullah ta matso. "Inna, wannan ɗanki ne?"

Haulatu ta gyara zaman ƙullin kwanonta a cinya.

"Faɗi sunansa mana, in ji daga bakinki."

Tsohuwa ta ja gyale ta rufe rabin fuska. Lauya Sada ya ƙura wa takalminsa ido kamar yau ya fara ganinsa.

Alhaji ya ƙyalƙyale da dariya. "Haba Hajiya Amatullah, birni ya mantar da ke? Ɗan fari ne fa! Ko wuƙa aka sa mata a wuya ba ta kama sunansa."

Wata ta ɗaga murya daga baya, "Mu nan da sauran kunyarmu, 'yar boko!"

Aka kwashe da dariya. Amatullah ma ta murmusa, ta ce haka uwarta take da yayansu har gobe. Ta gamsu.

Aka raba shinkafa da lemo. Haulatu ba ta taɓa ba. Saurayi ya cinye tasa, ya hau bayan babur ya tafi. Lauya ya rusuna a gefenta, murya ƙasa-ƙasa.

"Inna, Allah ya saka."

"Riƙe godiyarka. Kai dai ka yi aikinka."

Ta miƙe, ta taka da ƙafa cikin rana, ba sauri ba tsayawa, har ta shiga layin mata a bakin wata babbar ƙofar ƙarfe. Da layi ya zo kanta, gandiroba ya leƙo ya gane ta.

"Inna, yau kin makara. Tun safe Mainasara ke tambaya ko lauya ya samo ranar zaman kotu."